Mai albashi ma yana da nasa kuka: shekara 23 na wani magidanci a Arlit



Ƙungiyarmu tana wani gari kusa da Madawa, cikin jihar Tawa. Mu mata 28 ne, muna zama kowace Laraba bayan la'asar. Ranar rabon asusu na bara, da aka buɗe akwati aka ƙirga, kowace ta karɓi nata, sai wata ƴar uwarmu ta riƙe kuɗinta a hannu ta yi tsit. Muka zaci ba su cika ba. Ma'aji ta ce a sake ƙirgawa. Sai ta ce: "A'a, sun cika. Tunani nike. Shekara ashirin da wani abu ana ce mini matar mai albashi, amma ban taɓa sanin nawa ke shigowa gidana ba. Wanga kuɗi kaɗai na san inda sunka fito, na san inda za su."

Maganar nan ta bi mu har gida. Mijinta yana cikin mazan da suka yi aiki a Arlit, ya dawo a 2021. Duk mun san shi, wasunmu ma danginsa ne. Shekara da shekaru muna hangen sa in ya zo hutu da sabuwar shadda da tsaraba, muna cewa wane ya huta. Ba mu taɓa zama mun tambaye shi yadda rayuwar take ba. Shi ya sa mu uku daga cikin shugabannin ƙungiya muka nemi izini, muka zauna da shi da uwargidansa yamma uku a jere. Ya yarda mu rubuta, da sharaɗi biyu: kar mu faɗi sunansa, kar mu tambayi albashinsa. Mun cika alkawari. A nan za mu ce masa Malam, yadda uwargidan ke kiran sa.

Garin da aiki ya haifa

Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, Arlit tana cikin hamada, arewa da Agadas da wajen kilomita 240. Daga wurinmu sai ki bi ta Tawa, ki wuce Abalak, ki kai Agadas, sannan ki ƙara nausawa. Ita ce ake ce wa hanyar uraniyom, kuma duk wanda ya bi ta a ƴan shekarun nan zai ba ki labarin ramuka.

Arlit ba garin gado ba ne. Babu gonakin kakanni, babu tsohon ganuwa. Uraniyom, ƙarfen nan da ake kai wa ƙasashen waje ana yin wutar lantarki da shi, shi ya sa aka gina garin. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971 daga manyan ramuka buɗaɗɗu. An kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978, shi kuma a ƙarƙashin ƙasa ake haƙa, zurfin wajen mita 250. Garin Akokan, wanda ke ƴan kilomita kaɗan daga Arlit, don ma'aikatansa aka yi shi. Wutar da ke juya injuna daga gawayin ƙasa na SONICHAR take zuwa, kusa da Cirozerin. Ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Hatsi da wake daga kudu suke hawa cikin manyan motoci, taliya da madara da dabino kuwa daga Aljeriya. Duk abin da za ki sa a tukunya sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso ki, kuma ke za ki biya kuɗin motarsa.

A shekarun 1970, lokacin da uraniyom ke da tsada, har ana ce wa Arlit ƙaramin Paris. Wannan sunan ne ya ja samarin Adar da Gobir da Damagaram. Malam ya tafi a 1998, bayan wata damana da ba ta yi kyau ba, ya bar mata da ɗiya biyu. Ya ce da ya isa sai ya tarar sunan yana nan, amma ƙarfin garin ya riga ya ja baya, masu neman aiki sun fi aikin yawa.

Ma'aikaci iri biyu

Abu na farko da ya gyara mana shi ne wannan. Ya ce: "Ƙannena, ku nan in an ce mutumin Arlit kun ɗauka kowa ɗaya ne. To iri biyu muke."

Akwai wanda kamfani ya ɗauka kai tsaye. Shi yana zaune a unguwar ma'aikata da ake ce wa site, gida na siminti, ruwa a pampo, wuta dare da rana, likitar kamfani gare shi da iyalinsa. Akwai kuma wanda ɗan kwangila ya ɗauka. Rami ɗaya suke shiga, ƙura ɗaya suke shaƙa, amma in an tashi, ɗaya ya nufi site, ɗaya ya nufi unguwannin bayan gari, irin waɗanda ake kira Bukoki saboda da bukkoki aka fara su. Malam yana cikin na biyun.

Da leburanci ya fara, sauke kaya daga mota da kwaɓa siminti, a biya shi da yamma. Daga nan ya zama yaron wani mai walda, ya koyi sana'a a hannunsa. Da hannunsa ya faɗa sai wani ɗan kwangila mai gyaran injuna da bututu a cikin mahaƙa ya ɗauke shi. Ya ce kwangila tana da ranar ƙarewa, kuma duk lokacin da ranar ta matso barci ƙaura yake yi masa, don bai san ko za a sabunta da shi ba. Haka ya yi ta yi har shekara 20 da ɗoriya, bai taɓa jin ƙafarsa ta kafu ba.

Bayan shekara huɗu ya aiko aka kai masa iyali. Ɗaki biyu na ƙasa suka kama haya a Akokan. Ruwa wurin ƴan ga-ruwa ake saya. Uwargida ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne iska: ki share ɗaki da safe, kafin azahar rairayi ya koma, har cikin tuwo. Da ɗari sanyin dare ya shiga ƙashi, da bazara ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. A can ta haifi ɗiya biyar, suka zama bakwai.

Ranar aiki

Mahaƙa ba ta barci, don haka aikin karɓa-karɓa ake yi: masu safe, masu yamma, masu dare. In satin safe ne, Malam ya tashi kafin kiran assalatu, ya sha kunu ko shayi, ya fita bakin hanya jiran motar ma'aikata. A bakin aiki ya sa kayan aiki, hular kwano mai fitila, manyan takalma, abin rufe hanci, da wata ƴar na'ura da ake ratayawa mai auna yawan tururin uraniyom da jiki ya ɗauka. Sannan mota ta gangara da su.

Ya ce a ƙasa ba rana ba dare. Hanyoyi ne kamar titunan birni, sun rarrabu ta kowace fuska, manyan injuna suna wucewa, fankoki suna turo iska daga sama da ƙara mai toshe kunne. Dutsen uraniyom yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, shi ya sa fankokin ba sa tsayawa. Shi aikinsa walda, wani lokaci a durƙushe, wani lokaci kwance ƙarƙashin inji. In ya fito bayan awa takwas, hasken rana har ciwo yake sa masa a ido.

Satin dare ya fi wuya, ga uwargida ma. Ya dawo da safe yana son barci, ga yara bakwai cikin ɗaki biyu. Ta ce rabin faɗan da ta yi da ɗiyanta a Akokan na "ku yi shiru, babanku na kwana" ne. Yaran sun tashi suna ganin uba ko dai yana barci, ko yana shirin fita. Malam da kansa ya ce akwai ɗansa da bai san ranar da ya fara tafiya ba, sai gani ya yi yaro yana gudu.

Farkon zuwansu ita ke wanke kayan aikinsa tare da na yara, kwano ɗaya. Sai daga baya, da faɗakarwa ta yawaita, ta daina. Akwai wata ƙungiya ta mutanen Arlit, Aghir In'man, da ta daɗe tana jan kunnen jama'a kan ƙurar ma'adinai da tsofaffin ƙarafan da suka fito daga wurin aiki, waɗanda wasu ke saya su yi ƙofa ko tukunya da su.

Ƙarshen wata

A nan ne hira ta yi nauyi. Muka ce ba mu tambayi nawa ba, amma ya faɗa mana ina suke zuwa. Ya lissafa da yatsu.

Na farko mai kanti, don tun tsakiyar wata ake cin bashi, shinkafa da mai da sabulu duk a littafi. In ba ka biya ba, wata mai zuwa ba ka da fuskar komawa. Sai mai gidan haya. Sai ɗan ga-ruwa. Sai buhun hatsi, wanda kuɗinsa a Arlit ya ɗara na kasuwar Madawa nesa ba kusa ba. Sai kayan lakwal. Sai magani, don shi ba shi da gatan site. Kafin ya ɗaga kai, abin da ya rage kaɗan ne, kuma a kan wannan kaɗan ɗin ne gida ke jira.

Gida kuwa mu ne. Tsohuwa ba lafiya, a gaya wa na Arlit. Ƙane zai yi aure, na Arlit. An yi haihuwa, ragon suna, na Arlit. Damana ta faɗi ba iri ba taki, na Arlit. Rumbu ya ƙare tun kafin sabon hatsi, na Arlit. Da can ta hannun direbobi yake aikowa, da wasiƙa. Da salula ta zo sai abin ya ƙaru, don yanzu ba sai an jira mai tafiya ba, kira ɗaya ya isa. Ban da wannan, gidansa ya zama tasha. Duk ɗan garinmu da zai wuce Aljeriya ko Libiya, ko wanda zai tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, wurin Malam yake sauka. Ya ci, ya sha, ya kwana sati, wani har a cika masa kuɗin mota.

Da yake lissafin nan, mu uku ba wadda ta iya kallon ƴar uwarta. Ɗaya daga cikinmu ta tuna ita ma ta taɓa aika masa a taimaka mata da kuɗin gado lokacin auren ɗiyarta, kuma da abin da ya aiko bai kai yadda ta zata ba, ta yi gunaguni ta ce Arlit ta sa shi rowa. A wurin ta ce: "Yaya, ka yafe mini." Ya yi dariya ya ce ai ya manta. Uwargida ta ce ita ba ta manta ba, don a watan nan agogonsa ya sayar.

Ba muna cewa taimakon dangi laifi ba ne. Zumunci ne, kuma shi ma ya ce ba ya nadamar ko dala ɗaya da ya kashe wa mahaifiyarsa. Amma gaskiya ɗaya ce: mutum fiye da 20 sun jingina da shi, shi kuwa ba wanda ya jingina da shi. Kowa ya san ranar da ake biyan sa, ba wanda ya san ranar da kuɗin ke ƙarewa.

Sannan tukunyarsa tana rataye da abubuwan da ke faruwa a inda bai taɓa zuwa ba. A 2011 aka yi haɗarin tashar nukiliya a Fukushima ta ƙasar Japan, kuɗin uraniyom ya faɗi a duniya. A 2014 aka dakatar da aikin sabuwar mahaƙa ta Imuraren da mutane da yawa suka sa rai a kanta. Duk lokacin da irin haka ta faru, kwangila ce ke fara raguwa. Ko bayan dawowarsa abin bai tsaya ba: tun 2023 da iyakarmu da Benin ta rufe, hanyar da uraniyom ke bi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta toshe, a watan Yuni 2025 kuma gwamnati ta ba da sanarwar mayar da SOMAÏR hannun ƙasa. Lebura ba a shawara da shi a ko ɗaya, amma shi ke fara ji a cefane.

Shirun da ke tsakanin mata da miji

Muka ce: "To Yaya, duk wannan kaya, me ya hana ka faɗa wa uwargida?"

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce dalili biyu ne. Na farko, yana tsoron in ta sani danginta za su sani, buƙatu su ƙaru. Na biyu, kunya. Namijin da gari duka ke ce wa mai albashi, ta yaya zai dubi matarsa ya ce ranar 15 ga wata aljihunsa wayam?

Ita kuma da ba ta sani ba, sai zuciya ta yi ta saƙa mata. In ya ce babu, ta ce ɓoyewa yake. In ya yi shiru, ta ce aure yake shiri. Ta ce sun yi shekaru suna faɗa a kan kuɗin da babu su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar gidansu wannan shirun ne.

Da ta gaji da jira sai ta nemi na kanta. Tana da ƙawa a site mai firiji. Ta riƙa haɗa zoɓo da lemun citta, ta ƙulla a leda, ta kai can su yi ƙanƙara, yara su sayar a bakin lakwal da tasha, su raba riba da ƙawar. Daga nan ta shiga adashe da wasu matan Madawa da ke Akokan. Malam bai so ba. Ya ce za a ce ya kasa ciyar da gidansa. Sai da wata dattijuwa maƙwabciya ta sa baki ya ƙyale, amma bai taɓa tambayar ta nawa take zubawa ba, kamar yadda ita ma ba ta san nasa ba. Duk lokacin da ta kwashi adashe sai ta aika wa mahaifiyarta a saya mata jar akuya irin ta Maraɗi. Akuya ta haihu, ta sake haihuwa. Shi yana ganin abin wasan mata ne.

31 ga Maris 2021

Tun a ƙarshen 2019 aka ba da sanarwa cewa za a rufe mahaƙar COMINAK, don uraniyom ɗin da ke cikinta ya ƙare. Aka sa rana, 31 ga Maris 2021. Ma'aikata wajen 600 na kamfanin abin ya shafa, ban da ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Kowa ya ji, fiye da shekara guda kafin ranar. Amma Malam ya ce mai bashin kanti ba ya iya tanadi, ko da an faɗa masa ranar da ruwa zai ɗauke. Kowane wata sai ya ce wata mai zuwa zai fara ajiya.

Ranar ta zo. Ma'aikatan kamfani an yi musu tsarin sallama. Na ƴan kwangila kuwa, kowa da yadda ta kaya tsakaninsa da wanda ya ɗauke shi. Abin da Malam ya samu, da ya biya mai kanti da bashin haya, saura kuɗin mota ne da ɗan guziri. Shekarunsa ba su kai 60 ba, balle a yi maganar fansho. Ya zauna wata uku yana neman wani aikin, bai samu ba. Suka ɗaure katifu da tukwane a bayan babbar mota, kwana biyu suna hanya.

Da suka iso ya tarar da abin da bai shirya masa ba. Ɗakin da ya gina wa mahaifiyarsa yana nan, na ƙanensa ma da kuɗinsa aka rufa shi, amma nasa ginin ya tsaya a iya taga. Gonarsa ta gado ƙanen ne ke noma ta shekara 23, da ita yake ciyar da nasa iyalin, karɓe ta ba abu ne na kwana ɗaya ba. Ɗiyansa sun tashi a gari mai wuta, ba su san riƙon hauya ba. Mutane sun zo sannu da zuwa sati guda, daga nan ƙafa ta ɗauke. Salular da ba ta hutawa ta yi shiru.

Da namiji ya rasa wurin zuwa da safe

Uwargida ta ce wannan lokacin ya fi duk zaman Arlit tsoratar da ita. Malam ya ci gaba da tashi kafin assalatu, ya dawo daga masallaci ya zauna a ƙofar gida har rana ta take. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Abinci kaɗan yake taɓawa. Wata rana ya ce mata zai tafi Cibarakaten haƙar zinariya. Mutum mai shekara 50 da wani abu, mai tari, zai shiga rami da igiya tare da sa'o'in ɗansa.

Daren nan ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce: "Malam, zauna in gaya maka abin da nike da shi." Ta lissafa masa awakin da ke wurin mahaifiyarta, sun kai 14. Ta ce ta shiga ƙungiyarmu tun watan da suka dawo, tana zuba dala 100 kowace Laraba, kuma ta kai matsayin da za a ba ta bashi. Ta ce: "Kai kana da sana'a a hannu, ni ina da jari. In za ka faɗa mini gaskiyar abin da ke shiga da abin da ke fita, mu haɗa."

Ya ce bai taɓa jin kunya da sanyin rai a lokaci ɗaya kamar daren nan ba.

Ta sayar da awaki tara. Ta kawo buƙatarta gaban ƙungiya, muka tattauna. Ba za mu ɓoye ba, wasu sun ƙi, sun ce mun sha ganin mace ta ci bashi ta miƙa wa miji, ranar biya ya ce bai san zance ba. Sai muka sa sharaɗi: bashin da sunanta yake, injin da za a saya nata ne, kuma za a riƙa rubuta shiga da fita a littafi. Malam ya yarda. Aka sayo tsohon injin walda da ƙaramin janareto daga Ƙonni, ya kafa rumfa a bakin kasuwa.

Ƙasarmu ƙasar albasa ce, daga Galmi har Madawa kowane lambu da injin ban-ruwa, kowane manomi da amalanke. Abin da ke karyewa ba ya ƙarewa. Mutumin da ya yi shekaru yana gyaran manyan injuna a ƙarƙashin ƙasa, ƙafar amalanke ba ta ba shi wuya. Ɗiyarsu da ta yi lakwal a Akokan ita ke riƙe da littafi. An biya bashin kashi uku, sau ɗaya an makara, uwargida ta biya tara ba gardama kamar kowa. Batun gona kuma dattawa sun shiga, an raba ta tsakaninsa da ƙanen.

Abin da yake samu yanzu bai kai na Arlit ba, shi ya faɗa da bakinsa. Ginin bai ƙare ba tukuna. Tarin yana nan, mun matsa masa ya je likita a duba ƙirjinsa, ya kuma faɗa musu irin aikin da ya yi. Amma ya ce yanzu in babu, mutum biyu ne suka san babu, kuma wannan kaɗai ya rage masa rabin kaya.

Abin da muka ɗauka

Ƴan uwa, ba Arlit kaɗai ba ce. Cikinku akwai matan masu aiki a gidan siminti na Malbaza, da matatar mai ta Damagaram, da masana'antun Yamai, da masu gadi da direbobi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu, bayan an ɗaga shi a farkon 2024, jika 42 ne a wata. Ku auna shi da kuɗin buhun hatsi da haya, za ku ga mai albashi ba lallai mai kuɗi ba ne. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da muka tsayar a ƙungiyarmu.

Na farko, albashi yana da ranar ƙarewa. Rami yana ƙarewa, kwangila tana ƙarewa, ƙarfin mutum yana ƙarewa. Matar mai albashi ita ta fi kowa buƙatar asusu, kuma lokacin da albashi ke shigowa ne lokacin zubi. Kar wadda ta ce ta fi ƙarfin dala 50.

Na biyu, a nemi zaman lissafi da maigida, cikin ladabi, ba ranar faɗa ba. Ƴar uwarmu ba da tambaya ta buɗe bakinsa ba, nata ta fara buɗewa. Wannan ba ya nufin ki miƙa jarinki. Abin da yake naki naki ne, a rubuta shi.

Na uku, takardu. Ki tambaya ko wanda ya ɗauki mijinki aiki ya yi masa rajista a CNSS, asusun da ke biyan fansho da kuɗin iyali. A ajiye takardun albashi da na kwangila cikin leda, wuri ɗaya. A yi takardar aure da takardun haihuwar yara tun ana lafiya, don ranar da za a neme su ba ranar neman su ba ce. Malam ya ɓatar da takardun shekarunsa na farko, yanzu yana ta bin sawunsu.

Na huɗu, tun ana can a aza wani abu a gida: dabba, fili, ko ɗaki ɗaya mai rufi. A kuma yi maganar gonar gado a fili da ƴan uwa tun kafin ranar dawowa.

Na biyar namu ne, mu da ke gida. Kafin mu ɗauki salula mu kira ɗan uwa da ke wurin aiki, mu tambayi kanmu ko buƙatar nan asusun taimako na ƙungiya zai iya ɗaukar ta. Wani lokacin kuma mu kira shi don gaisuwa kawai. Malam ya ce a shekara 23, kiran da aka yi masa ba da buƙata ba, zai iya ƙirga su da hannu ɗaya.

Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 don mu mata aka yi shi, amma mun ga ranar da akwatinmu ya tsayar da namiji da ƙafarsa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta wannan a zamanta na gaba, ta tambayi kanta: in aikin maigida ya tsaya gobe, wata nawa gidan zai iya ci?

Da za mu tashi a yamma ta uku, Malam ya raka mu bakin ƙofa. Ya juya ya ce wa uwargida: "Gobe fa Laraba. Kin haɗa na zubi, ko in cika miki?" Ta ce ta haɗa tun jiya.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cikin abin da muke tarawa. Sai mun ji daga gare ku.